Yadda nake tayar da tsofaffin injinan ƙananan jirage

A filin da muke tayar da ƙananan jiragen sama na wasa a nan Ingila, kusan kowa ya koma batir. Ni kam tsofaffin injina masu shan mai nake bi, irin su Cox .049 da Fox .35, waɗanda ake samu da arha a gwanjo saboda masu su na ganin sun mutu. Galibi kuwa lafiyarsu ƙalau. Man zurma ne ya yi shekaru a cikinsu, ya bushe, ya riƙe fistan gam.

Idan irin wannan ya zo hannuna, filogi nake fara kwancewa, in jiƙa injin cikin metanol, wato sinadarin da shi ne tushen man da waɗannan injina ke sha, ya kwana. Washegari in ɗumama shi da na'urar busar da gashi, in ɗaura farfela, in riƙa motsa ta a hankali har ya saki. Filaya ba ta kusantar fistan. Waɗannan injina ba su da zobe, an goge fistan da silinda ne suka dace da juna, don haka ƙarzuwa ɗaya ta isa ta zubar da matsi, kuma babu mai dawo maka da shi.

Filogin shi ne sirrin abin. Wani Ba'amurke, Ray Arden, ya fito da shi a 1947, ya hutar da mutane ɗora wa jirgi kwayil da batura. A cikinsa akwai siririyar waya mai filatinam. Ka ba ta volt 1.5 ta yi ja, inji ya kama, ka cire batir, ita kuma ta ci gaba da ja saboda zafin ƙuna da kuma yadda metanol ke aiki a kan filatinam. Shi ya sa fetur ba ya yi. Kafin komai nakan gwada filogin a inuwa: in ya yi ja mai haske kamar garwashin da aka hura, to madalla. In ja ne mai duhu, batir ya yi sanyi, ko ka wuni kana buga farfela ba zai tashi ba.

Wurin da na fi tsayawa shi ne mai, don a nan ake kashe tsofaffin injina. Man da ake sayarwa yanzu an haɗa shi ne don injinan zamani, man shafawar da ke cikinsa na haɗin sinadarai ne kuma bai da yawa. Fox .35, wanda Duke Fox ya ƙera tun ƙarshen shekarun 1940, yana son man zurma kusan kashi 28 cikin 100, da nitro (sinadarin da ke ƙara wa mai ƙarfi) kaɗan, kamar kashi 5. Man zurma ba ya gudu idan ƙarfe ya yi zafi, kuma yana barin wani shafi ruwan ƙasa a jikin fistan wanda ke cike gurbin da shekaru suka ci. Ka zuba man zamani, ya wanke wannan shafi, sai ka ga inji ya zama sako-sako. Cox shi ya fi son nitro, kashi 15 zuwa 25, da man shafawa kusan kashi 20. Ladan man zurma dai shi ne jirgi ya sauko yana naso tun daga hanci har wutsiya, sai ka bi shi da tsumma. Na yarda da wannan wahala.

Cox Babe Bee, wanda ya fito a 1956, tashinsa ba wuya. In buɗe allurar mai, wadda ke daidaita yawan man da ke shiga inji, kusan zagaye uku, in ɗiga mai kaɗan a ƙofar hayaƙi, in maƙala batir, in murɗa farfela baya a kan sifirin ɗinta, in saki. Wani lokaci yakan kama ta baya, sai ka ji iska tana fita gaba. In jefa tsumma a farfela ya mutu, in sake.

Fox kuwa da sanda nake buga shi, wadda na sa wa tiyo, don farfela ba ta san yatsa ba. In toshe bakin iska da yatsa, in juya farfela sau biyu ko uku ya ja mai, sannan in haɗa batir, in riƙe farfela da kyau in juya a hankali. Idan na ji ta ɗan ture hannuna, ya shirya. Idan kuwa ta cije ta ƙi wucewa, mai ya cika silinda. A nan ba a yin ƙarfi, sandar fistan ce za ta lanƙwashe. Kwance filogi za ka yi, ka kifa injin ya zubar.

Da ya kama, sauran aikin na kunne ne. In mai ya yi yawa, murya ta yi kauri tana gurgura. Kana rufe allura tana siririta har ta koma ihu mai tsini. Wannan ihun yana da daɗin ji, amma ba na barin tsohon inji a wurin, sai na ɗan buɗe ya dawo, saboda a sama man da yake samu yakan ragu, inji mai ƙishirwa kuma ƙonewa yake. Fox, a jirgin da nake sarrafawa daga ƙasa da wayoyi masu tsawon ƙafa 60, nakan bar shi yana gurgura. Yana tafiya a miƙe da kauri, da na ɗaga hancin jirgin sai murya ta washe ya ƙara ƙarfi, ya daidaita ta koma. Ban san wani batir da ke yin haka ba.

Allura daga bayan farfela ake taɓa ta. Metanol kuma guba ne, wutarsa da rana da ƙyar ake gani, don haka galan yana nesa da inji. In an tashi, nakan bar injin ya shanye man da ke ciki, in ɗiga masa man shafawa a baki da ƙofar hayaƙi, in juya farfela ya ratsa, domin metanol yana jawo danshi, kuma sanyin Ingila ba ya jira kafin ya sa wa ƙarfe tsatsa.