Hanyar Wurno cikin ruwan Agusta

Mu mutanen Zariya mun ɗauki Sakkwato ƙasar rana da ƙura, shi ya sa ruwan da ya tare mu a hanyar Wurno makon jiya ya ba ni mamaki. Ɗaurin auren ƙanin abokina muka je, mu huɗu a Corolla ɗin abokin nawa, ni ke tuƙi saboda shi ya kwana hidima. Muna barin garin Sakkwato hadari ya haɗo ta gabas, iska ta taso da jar ƙasa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.

An kwana biyu ba a yi ruwa ba, don haka yayyafin farko ya dama ƙura da baƙin man da motoci suka ɗiga, kwalta ta yi santsi. Na rage gudu, na kunna fitila, na ba motar gabana tazara ninki biyu, don birki ba ya kamawa da wuri a jiƙaƙƙiyar hanya. Gaskiya ƙaramar mota ta burge ni. Injinta na gaba, tayoyin gaba ke ja, nauyin injin na danne su. Kuma tana kusa da ƙasa, ba ta tangaɗi a kwana irin na bas mai kaya a sama.

Sau ɗaya gabana ya faɗi. Mun faɗa wani kududdufi da ya shafe rabin titi, sai na ji sitiyari ya yi sako-sako a hannuna, taya ta hau kan ruwa ta rabu da kwalta. Ban taɓa birki ba. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyarin a miƙe, nan da nan ta sake kama ƙasa. Dab da Achida kuma awaki suka keto, na taka birki da ƙarfi, ya riƙa karkarwa a tafin ƙafata. Aikin na'urar birki ta ABS ke nan, yana hana taya ƙamewa, shi ya ba ni damar kauce musu.

Wata motar haya da ta wuce mu a guje muka tarar ta zame cikin gonar gero. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Na sauka na duba tayoyinta na baya: sumul, babu zane, ɗaya har waya ta leƙo. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, in zurfinsa bai kai milimita 1.6 ba ta gama aiki. Direban ya ce, “Alhaji, sabuwar taya ta fi ƙarfinmu, sai 'yar kwatano.” Na san tsadar gaskiya ce, a Zariya ma haka muke kuka. Amma rayukan mutane ya ɗauko. Na nuna masa lambobi huɗu da ke gefen taya, biyu mako biyu shekarar da aka ƙera ta, ko don in zai sayi tsohuwa kada a ba shi wadda ta bushe.

Abin da ya ƙona min rai wani jami'i ne a shinge. Ya tsayar da mu cikin ruwa, ko amsa sallama bai yi ba, ya juya takardu har suka jiƙe. Tayar kowa bai kalla ba.

Inda motar ta gaza shi ne lungun gidan ango, kusa da fadama. Laka ta riƙe ta, cikinta ya zauna a ƙasa, taya na juyawa a banza. Mahaifin ango ya fito da lema yana cewa, “Ɗana, wagga laka ba a yi mata gaugawa, taka sannu.” Samari suka zuba kara da ƙaiƙayi a ƙarƙashin tayoyin gaba, suka tura, ta fita. Na miƙa musu na goro suka ƙi, ɗaya har ya ɓata fuska. A wajenmu da sai an yi ciniki kafin a taɓa motar. Aka kawo tuwon shinkafar Wurno da fura mai sanyi, dattijon ya ƙara mana da ƙullin tafarnuwa.

Bayan ɗaurin aure muka ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Hanya ta bushe da la'asar, muka yi magariba a Sakkwato.