Tsofaffin vila na Yamai: yadda ake gyara su ba a ɓata ba

A unguwannin Filato da Terminus har yanzu akwai ƙananan vila da aka gina bayan samun ƴancin kai a 1960, wasu kuma lokacin da kuɗin uraniyom suka shigo a shekarun 1970. Gida ne na ƙasa, rufin kwano mai ɗan gangare, baranda a gaba, bulo mai huda a gefe, tagogin ƙarfe masu tsaga-tsaga, fenti ruwan hoda ko tsanwa mai haske. In ka hango shi ta ƙofar katanga sai ka ce gidan ƴar tsana ne aka ajiye ƙarƙashin dogon yaro. Amma duk abin da ido ke gani ado ne a jikinsa, aiki yake yi. Shi ya sa gyara ya fi tsufa kashe irin waɗannan gidaje.

Ɓarnar farko ita ce toshe baranda don a ƙara ɗaki. Barandar nan ita ke hana rana dukan bangon falo. Aka rufe ta, aka cire tagar ƙarfe aka sa gilashi mai zamewa, to a watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, ɗakin ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyi. Tagar da ta yi tsatsa ba ta mutu ba: a kankare ta da buroshin waya, a shafa maganin tsatsa, a bar shi ya bushe kwana guda, a bi da fentin mai sau biyu.

Bulo mai huda ya fi wuyar sha'ani, don da wuya a sami irin zanensa a kasuwa. A ciro guda mai lafiya a kai wa mai walda ya ƙera ma'aunin buga irinsa. Buhun siminti mai kilo 50 a baro biyu na yashi tankaɗaɗɗe, ba fiye ba. A buga a inuwa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Magini ya ce baro uku ma ya yi? Kada a yarda, bakin bulon zai riƙa marmashewa tun wajen ɗauka.

Sai fenti. In ka ga ƙasan bango yana kumbura yana zubar da farin gari, danshi ne ke hawowa daga tushe yana ɗauke da gishiri. Masu gida sukan liƙa tayil ko su shafa fentin mai, danshin ya rasa mafita, ya ƙara hawa sama. A fara da gano inda ruwan ke shiga, sau da yawa bututu ne ya fashe ko ruwan damina ke kwanciya a gindin bango. A sassaƙe filastar kamar mita guda, a bar bangon ya sha iska, a sake yaɓe, a jira mako uku zuwa huɗu kafin fentin ruwa. Nuwamba ya fi dacewa: damina ta wuce, ƙura ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Jar ƙurar Yamai ba ta barin fari ya yi shekara, don haka a yi wa ƙasan bango ɗamara mai duhu, santimita 60 zuwa 80, sama kuma a mayar da launin asali. Ana samunsa in aka kankare bayan makunnin wuta ko ƙarƙashin taga.

Daɓen granito kuwa, wato na siminti mai ƴan tsakuwa da aka goge sumul, a goge shi da inji kawai, asid cinye shi yake yi. A hau silin a duba gara a jikin katako, a buɗe ƴan ƙofofin iska na ƙarƙashin rufi, a sa musu raga saboda jemagu. In rufin ba kwano ba ne, irin tsohon falle ne mai kama da siminti, yana iya ƙunsar asbestos. Kada a yanka shi da inji ko a farfasa shi, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi, a kwance ƙusoshi, a sauke falle-falle.