Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Koyon tsayuwa bayan shanyewar ɓarin jiki

A makon jiya mun tsaya a inda aka sallamo ni daga asibiti, ɓarin hagu ya shanye sakamakon hawan jini, amma alhamdu lillahi magana ta dawo.

Iyalina sun kula da ni iya ƙarfinsu. Aka shimfiɗa mini katifa a falo, ruwan alwala a kawo, abinci a kawo. Ko buta na miƙa hannu zan ɗauka sai uwargida ta ce, "Alhaji, zauna abinka, kada ka faɗi." Ni da na saba zirga-zirga a Kantin Kwari tun safe har magariba, sai ga shi tsakar gidana ma tana ba ni tsoro.

Da muka fara zuwa gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi a asibiti, likitan fisiyo ya tsayar da ni gaban madubi tsakanin sandunan ƙarfe biyu, ya ce, "Baba, dubi kafaɗunka." Na ga duk na karkace dama, ƙafar hagu tana taɓa ƙasa ne kawai, ba ta ɗauke da komai. A raina kuwa a miƙe nake sak! Ya riƙe ƙuguna yana tura nauyina hagu a hankali, gwiwa tana karkarwa, gumi yana tsattsafo mini, shi kuma yana cewa in ƙara kaɗan. Ya bayyana wa babban ɗana cewa ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni, kuma da maimaici take sake koyon sarrafa ƙafar. An fi samun ci gaba a watanni 3 zuwa 6 na farko, don haka zaman da ake sa ni saboda tausayi lokaci yake cinye mini, yana kuma ƙara raunana cinyoyina. Na ji daɗin da ya faɗa a gaban yaron, don daga bakina ba za su karɓa ba.

Aikin da ya fi ba ni wuya shi ne tashi daga kujera: in matso bakin kujerar, in ja ƙafafu baya, in sunkuyo gaba, in miƙe ba tare da na finciko hannun kowa ba, sannan in koma a hankali, ban da zubewa. Daga nan aka shiga haɗe ƙafafu, da sa ɗaya gaban ɗaya, da tsallake katako, da juyawa. Sandar dogarawa ma ashe a hannun da ke da lafiya ake riƙe ta. A matakala kuwa ƙafa mai ƙarfi ce ke fara hawa, mai rauni ta fara sauka.

Gidan ma sai da aka taɓa shi. Yatsun ƙafata suna jan ƙasa, don haka aka naɗe tabarmar ƙofar ɗaki, na bar silifas na koma takalmi mai rufe diddige. Aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka sa kujera maimakon tsugunno, tocila kuma a gefen filo saboda ɗauke wuta. Idan na farka, sai na ɗan zauna a bakin gado kafin in miƙe, saboda maganin hawan jini yakan kawo jiri.

Sallah dai a zaune nake yin ta har lokacin. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na fara takawa zuwa masallacin unguwa.