Ranar da Na Kai Waƙoƙina na Farko Zauren Malam

Ina da shekara 17, ina ajin ƙarshe na sakandare a Talata Mafara, na cika wani littafin rubutu da waƙoƙi da gajerun labarai. Yawancin waƙoƙin ƙwar biyu ne, wato kowane baiti yana da ɗango (layi) biyu, kaɗan ƙwar huɗu, kuma a fahimtata ta wancan lokaci, waƙa ita ce a jera ɗangogi su ƙare da harafi ɗaya. Idan na zaɓi "ba" a matsayin amsa-amo, sai in shiga farautar kalmomin da suka ƙare da shi, ma'ana ta biyo baya idan ta samu hanya.

Wani aminin mahaifina, dattijon da ya yi karatun aruli, wato ilimin awon waƙa, a zaure, shi na fara kai wa littafin bayan sallar la'asar. Ya karɓa ya ajiye a gefen buzunsa ba tare da ya buɗe ba, ya ce, "Ɗana, rera mani in jiya." Na fara rerawa yana buga yatsa a gwiwa, har na kai baiti na uku, sai yatsan ya tsaya.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ai amsa-amon bai sauya ba."

Ya ce amsa-amo ado ne, kari shi ne ginshiƙi, kuma ƙafa, wato rukunin gaɓoɓin da ake auna kari da shi, ta karye a tsakiyar ɗango. Daga nan ya bayyana mani cewa rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne bisa awon gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma magabata sun hau karuruwan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara, irin su Kamil da Basiɗ da Ramal da Mutaƙarib.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne dalilin karyewar. A bakina na tsara ɗangon da Hausarmu ta Zamfara, inda muke cewa "da yaz zo", amma da na zo rubutawa sai na mayar da shi "da ya zo" kamar yadda aka koya mana a aji. "Yaz" gaɓa ce mai nauyi, wannan "ya" kuwa gajera ce, don haka ni da hannuna na rage wa ɗangon awo, sannan na riƙa rera abin da ke takarda maimakon abin da na tsara. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, shi ya sa irin wannan ɓaraka take ɓoyewa ga ido. Malam ya sa na kwafe waƙa uku da ajami, inda alifi da wawu da ya'u suke fito da tsawon wasali fili, kuma a nan na ga guragun ɗangogina ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ban sake amincewa da baitin da ban rera da murya ba, kuma ina yanke shawarar karin harshen da zan yi waƙa da shi kafin in ɗora alƙalami.

Labaran kuwa ciwonsu daban ne. Kowanne yana buɗewa da karin magana biyu ko uku a jere, kuma duk sun faru ne a Kano ko Legas, garuruwan da ban taɓa takawa ba. Malam ya ce zube ba fagensa ba ne, amma ya tuna mani da Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda a 1813 ya tattara waƙoƙinsa a Tazyinul Waraƙati, yana haɗa su da bayanin abin da ya faru har aka yi su. Ya ce in yi wa kowace waƙa tawa irin wannan bayani, ba tare da ƙawa ba.

Da na zo kan marsiyyar da na yi wa kakata, sai na samu kaina ina rubuta yadda take zama a bakin ɗaki da hantsi, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari, zaren kaɗa yana fita siriri ba ya tsinkewa, tana yi mani tatsuniya ba tare da ta dubi hannunta ba. Shafi ɗaya da rabi ne kawai, babu karin magana ko ɗaya a ciki, amma shi ne zuben farko da mahaifiyata ta saurara har ƙarshe, ta ce in maimaita.

Daga baya na karanta cewa Abubakar Imam yana da shekara 22 lokacin da ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja, kuma shi ma ya ɗebo daga tatsuniyoyin Larabawa. Wannan ya sanyaya mani zuciya game da aron da ya cika shafukana, domin na gane cewa laifina ba aron ba ne, rashin mayar da shi gida ne.

Littafin yana nan a ƙasan akwatina, bangonsa ya yage. Marsiyyar kakata na sake gina ta a karin Mutaƙarib, da Hausar da take yi mani magana da ita, amma baiti na bakwai har yau bai zauna ba.