Godiya bayan kammala karatun kula da zirga-zirgar jiragen sama

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Allah Ya nufe mu da kammala karatun kula da zirga-zirgar jiragen sama a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Da yawun 'yan ajinmu nake miƙa wannan godiya.

Malamanmu na darasin raba jirage, Allah Ya saka muku da alheri. Ku kuka dasa mana ƙa'ida har ta zauna: tazarar ƙafa 1,000 tsakanin jirgin sama da na ƙasansa, wadda ke aiki har tsayin ƙafa 41,000 ga jiragen da aka tantance na'urorinsu, da mil 5 irin na ruwa tsakanin jirage a tsayi ɗaya in ana kallon rada, na'urar da ke nuna jirage a allo. Amma abin da ya fi cancantar godiya shi ne yadda kuka ƙi sakinmu sai mun iya aiki ba rada. In allo ya mutu, abin da ya rage wa mai kula shi ne agogo, da rahoton matuƙi, da 'yan katunan da ake rubuta sunan jirgi da tsayinsa da lokacin da zai isa kowace alama. Jirage biyu a hanya ɗaya, tsayi ɗaya, sai an bar minti 10 tsakaninsu in na'urorin ƙasa na ba da damar sanin inda suke a kai a kai, in ba haka ba minti 15. A ganina wanda bai iya wannan ba bai riƙe sana'ar ba tukuna.

Malaman maganar rediyo, ku ma mun gode da rashin ɗaga ƙafa kan maimaita umarni. Duk tsayin da aka ba matuƙi, ko titin da zai sauka, ko ma'aunin nauyin iska da ake kira QNH, dole ya maimaita, mai kula kuma ya kasa kunne ya gyara nan take. Ga dalili. A ce an ba matuƙi QNH 1003, ya ji 1013, ya saita haka. Bambancin 10 ɗin nan ya kai kusan ƙafa 280, kuma jirgin zai kasance ƙasa da abin da na'urarsa ke nuna masa. A Kano lokacin hazon hunturu, da matuƙi ba ya hango titi sai ya matso, wannan 'yar lamba ɗaya ta isa ta jawo asarar rayuka. Kun kuma sa mun yi nazarin haɗarin Tenerife na 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka rasu, rashin fahimtar magana kan izinin tashi na cikin musabbabinsa.

Akwai waɗanda ba a cika ambata ba: ma'aikatan ɗakin gwaji da ke zama a matsayin matuƙa. Mutum ɗaya zai riƙe jirage da dama a kwamfuta, ya maimaita umarni a karkace da gangan don a ga ko ɗalibi zai kama, ko ya kunna lambar 7600 a na'urar da ke sanar da rada jirgin, alamar rediyo ya mutu, ko 7700 ta gaggawa, daidai lokacin da hannu ya cika. Muryarku ta sha dushewa saboda mu. Mun gode ƙwarai.

Iyayenmu da matanmu da mazajenmu, kun yi haƙuri da kuɗi da kaɗaici. Allah Ya bar zumunci.

Takardar makaranta ba lasisi ba ce. Kafin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ba da shi, sai mutum ya cika shekara 21, ya tsallake gwajin lafiya mai daraja ta 3, ya kai mataki na 4 a Turancin aiki, sannan ya yi aƙalla wata uku yana kula da jirage na gaske a ƙarƙashin idon gwani. Yayyenmu na hasumiyoyin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, da za ku zauna a bayanmu, mun gode tun kafin mu iso. Jama'a, a sa mu a addu'a.