Ƙananan jiragen ruwan tsere na Amurka da ake ɗaurewa da waya

Kwanakin nan na nutse cikin kallon tsofaffin hotunan wani wasa da Amurkawa suka yi sosai a shekarun 1940 da 1950, wato tseren ƙananan jiragen ruwa masu inji, kuma wallahi abin ya kama ni. Jirgin bai fi tsawon hannun babban mutum ba, babu direba babu rimot. Turke ake kafawa a tsakiyar tafki a ɗaura masa waya mai ƙarfi, ɗaya bakin a jikin jirgin, sai ya dinga zagaye kamar akuyar da aka ɗaure, amma fa da gudun da ido ma da ƙyar yake binsa. A ƙa'idarsu tsawon wayar ƙafa 52 da rabi ne, zagaye 4 ya zama kwatan mil ke nan, mai agogo yana bakin ruwa yana ɗaukar lokaci.

Ni dai injinan ne suka fi tafiya da hankalina. Uku suka yi suna, Hornet 60 na Ray Snow da McCoy 60 mai kan silinda ja da kuma Dooling 61 na 'yan'uwan nan Dooling da ke Los Anjelas, dukkansu daga Kalifoniya, silinda ɗaya kusan cc 10. Asali ma masu tseren ƙananan motoci da jiragen sama ne manyan masu sayensu, mutanen ruwa suka ɗauko suka sa musu fulawil suka haɗa da sandar farfela. Da fari da tartsatsin wuta suke tashi, dole jirgi ya ɗauki koyil da kwandansa da batir, ga nauyi ga ruwa da ke fantsama, ɗigo kaɗan ya taɓa wayoyin shi ke nan inji ya mutu ana tsaka da gudu. Da Ray Arden ya fito da fulogi mai zaren da ke yin ja a 1947 sai mutane suka huta, batir wajen tayarwa kawai ake jona shi a cire, zaren ya ci gaba da ja da kansa saboda sinadarin metanol da ke cikin man. Man kuwa metanol ne da man zurma, masu neman gudu su ƙara wani sinadari mai ƙara wa inji ƙarfi da ake kira nitro.

Jikin jirgin siraran katako ne, da wasu ƙafafu biyu a gaba dama da hagu, salon da aka kwaikwayo daga manyan jiragen tsere na kamfanin Ventnor a Niyu Jazi. In gudu ya kankama cikin jirgin ba ya taɓa ruwa sam, ƙasan ƙafafun nan ne kawai da rabin farfela, ruwa na tashi a baya kamar jela. Da irin wannan tsarin ne babban jirgin Slo-mo-shun IV ya wuce mil 160 a awa a Siyatil a 1950.

Abin da ya sa nake ganin girman mutanen nan shi ne duk aikinsu kafin sakin jirgi yake ƙarewa. Mutum ya shiga ruwa har cinya da dogayen takalman roba, ya naɗa igiya a fulawil ya fizga, inji ya kama kuka, ya murza allurar da ke daidaita shigar mai yana saurare da kunne har sautin ya yi masa, sannan ya tura jirgin ta yadda waya ba za ta saki ba. Daga nan ba shi da ta cewa. In ya matse mai da yawa inji ya yi zafi fistin ya ƙone, in hancin jirgi ya ɗaga fiye da kima iska ta shiga ƙasansa ya wuntsila, in ya nutse da gudu ruwa ya shiga silinda ƙarfen cikin ma yana iya lanƙwashewa, aikin watanni a gareji ya tafi a daƙiƙa kaɗan, kuma mako mai zuwa ka gan shi ya dawo da farfelar da ya goge da fayil da hannunsa.

A 1949 aka kafa ƙungiyarsu ta IMPBA, tana nan har yau, sai dai tunda rimot ya yi araha yawancin 'yan ƙungiyar suka koma can, tsofaffin Dooling da McCoy ɗin kuma yanzu masu tara kayan tarihi ne ke farautarsu da tsada.