Tsohuwar Honda CD175 da notin salansar da ya ƙi fita

Wannan mashin ɗin na kawuna ne, Honda CD175, irin wadda ma'aikata da malaman makaranta suka yi yayi a da, tun da ya daina hawa aka tura ta sito aka jibga mata buhunhuna da tsofaffin tabarmi, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta. Honda ta yi wannan samfurin daga 1967 zuwa 1979, inji ne mai fistin biyu, cc 174, kafireto ɗaya, giya huɗu, wutar kuma bolt 6 ce ba 12 ba irin na yanzu. Da na ce zan tashe ta kowa dariya ya yi, wai in kai wa 'yan gwangwan su auna kawai.

Farko dai kik ya ƙi motsi sam. A nan ne mutane ke ɓata inji, sai ka ga ƙato ya hau kik da duk nauyinsa yana tsalle, alhali ringin fistin ne ya manne da jikin silinda saboda tsatsa, in ka matsa masa sai ya karye ko ya kankare silindar. Na cire fulogi biyun, na ɗura kananzir haɗe da ɗan baƙin mai ta ramin, na bar shi ya sha. Kullum in na dawo sai in sa ta a giya ta huɗu in riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya a hankali, ba da ƙarfi ba. Ran nan kawai sai na ji ta ɗan saki, daga nan kuma sai ta fara juyawa tana fitar da wani jan ruwa ta ramin fulogin.

Amma inda aka sha fama shi ne salansa. Dole a cire ta tunda ɓeraye sun mai da cikinta gida, kuma notinan da suka riƙe ta a kan silinda 'yan ƙanana ne, sifana lamba 10, ƙusar da suke kai siririya ce. Uku sun fito da ƙyar, na huɗun kuwa tuni tsatsa ta cinye shi, yana ɗan juyawa sai ƙusar ta gutsire, saura ɗan guntu ya leƙo waje kamar haƙorin tsohuwa.

Dalilin da ya sa suke kamewa haka, ƙusar ƙarfe ce shi kuma kan silinda alminiyam ne, in ƙarfe biyu daban suka daɗe a manne ga danshin damina ga zafin da wurin ya sha a baya, sai wata farar tsatsa ta taso tsakaninsu ta cike zaren gaba ɗaya. Shi ya sa feshin WD-40 na minti biyar ba ya yin komai, man bai ma samu hanyar shiga ba.

Wani yaro a gareji ya ce a sa diril a huda a zura irin ƙarfen nan mai juya baya da ake ciro karyayyen noti da shi. Ni kam ban yarda da abin nan ba wallahi, ƙarfensa ya fi diril tauri, ranar da ya karye a ciki to ka shiga uku, ba abin da zai huda shi kuma. Na tafi wurin wani dattijo mai walda a unguwarmu, ya duba ya ce “ɗana, ai wannan ba aikin diril ba ne, kawo wasa da noti.” Ya ɗora wasa, wato zoben ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, a kan guntun ya ɗana mata walda, ya ɗora noti babba a kai ya cika cikinsa da walda shi ma. Dabarar biyu ce a ɗaya, ka samu kan da sifana zai kama, sannan zafin waldar ya ratsa ƙusar ya farfasa tsatsar, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam. Ya ce kar in taɓa sai ya huce. Da ya huce muka ɗan gasa alminiyam ɗin da ke kewaye, tunda shi yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai ramin ya saki. Na ce Baba in murɗa? ya ce a'a, ɗaure shi tukuna kaɗan, sannan ka kwance kaɗan, ka sa mai, ka sake. Haka muka yi ta yi gaba da baya yana ƙara ƙiii har ya fito, zaren cikin ko ƙwarzane babu.

Wani abu kuma da zan gaya wa masu irin waɗannan mashinan na Japan, sukurorin murfin inji kansu ba daidai yake da sukundireban sita da ake sayarwa a kasuwa ba, nasu ma'aunin daban ne, shi ya sa yake zamewa ya cinye kan. Ka nemi irin wanda ake bugawa da guduma.

Sauran aikin ba wani labari. Kafireto na wanke, tsohon fetur ya zama kamar danƙo ya toshe jet, ɗan ramin da fetur ke bi, tanki na zuba masa ƙananan notina da kananzir na yi ta girgizawa har tsatsar ta zubo. Kwantak, wato abin da ke sakin wuta zuwa fulogi, na goge da samfefa mai laushi na saita shi tsakanin 0.3 da 0.4 na milimita, bawul kuma 0.05 inji na sanyi. Na juye tsohon baƙin mai, na buɗe matatar man da ke gefen dama, ita ba ta takarda ba ce, juyawa take tana tara datti a jikinta, kuma abin da na kankaro daga ciki sai wanda ya gani. Kafin in tayar na zuba mai kai tsaye a kan kam, sandar da ke buɗe bawul a saman inji, don a alminiyam yake juyawa, in ya tashi a bushe kafin famfo ya kawo mai sama to an gama da shi. Na yi ta buga kik ba fulogi sai da mai ya zagaya.

Da na mayar da fulogi na sa sabon batir, ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gidan har maƙwabta suka leƙo, man da na ɗura ne yake ƙonewa. Yanzu silo ɗinta, wato aikin inji in ba a ba ta wuta ba, bai zauna ba tukuna, ina zargin robar da ke tsakanin kafireto da inji tana shan iska, tayoyi ma duk sun tsage. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan shiga Panteka a Kaduna neman robar da wayar kuloci, in akwai wanda ya san inda ake samun kayan CD175 na asali ya taimaka ya faɗa min.